Na sayi keke don in huta da kuɗin mota, ga shi yana neman karya ni

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tsakanin gidana da makarantar da nake koyarwa ya kai kilomita tara. Da kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfina, sai na sayi keke na hannu ɗan Kwatano, irin mai giya ɗin nan da ƙattin tayoyi masu ƙuraje, mai shokozoba a gaba. Uwargida ce ta cika min kuɗin daga adashinta. Wata biyu ke nan ina hawa, amma kullum jiya i yau. Ina isa makaranta jiƙe sharkaf, cinyoyina na zafi, gwiwoyina na ciwo ta gaba, mazaunaina sun yi tsami, ƙaramin yatsana da na kusa da shi suna mutuwa. Abin da ya fi ɓata min rai, sai dattijo a kan tsohon keke samfurin Phoenix da buhu a kariya ya zo ya wuce ni a natse. Na sa an ɗaura wa sirdin soso, bai yi magani ba. Mai gyara ya ce keken lafiyarsa ƙalau, jikina ne bai saba ba. Abokin aikina ya ce in sayar in karɓi babur bashi. Uwargida ba ta ce komai ba, amma ina jin nauyin in ce mata kuɗinta sun tafi a banza. Tsufa ne ya kama ni, ko cutata aka yi?

Wani malami, daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ƙoƙari, Allah kuma ya saka wa uwargida da alheri. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don na ga ita ce ke ci maka rai. Shekara 41 ba tsufa ba ne a kan keke, dattijon nan da ke wuce ka ma ya ishe ka shaida. Kuma a cikin duk abin da ka lissafa ban ga alamar an sayar maka da mataccen keke ba. Abin da na gani shi ne keken da aka ƙera don wata hanya daban, aka saita shi don jikin wani mutum daban, kai kuma ka hau shi yadda ya zo maka.

Irin wannan keken asalinsa jihar Kalifoniya ta Amurka ne. A shekarun 1970 wasu samari, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze, suka riƙa gangarowa daga duwatsun yankin Marin a kan hanyar tsakuwa, suna gyaggyara tsofaffin kekuna don su jure wa wannan wasa. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, daga nan abin ya bazu a duniya. Saboda haka duk abin da ka gani a jikinsa, ƙurajen taya, faffaɗan kai mai sa mutum ya sunkuya, shokozoba, an yi su ne don kada mahayi ya zame a gangaren dutse. Kai kuwa hanyarka shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce a garin da yawancin titunansa ba su da wani hawa in ban da gadar sama. Phoenix ɗin dattijon nan tayarsa siririya ce, bayanta kusan sumul, yana zaune a miƙe, kuma ya shekara da shekaru yana hawansa har sirdin ya ɗauki siffar jikinsa. Ba ƙarfi ya fi ka ba. Shi duk abin da ya taka yana tafiya ne cikin hanya, kai kuma wani kaso na ƙarfinka yana zubewa kafin ya kai ƙasa.

Koke biyu ne a wasiƙarka, gajiya da ciwo, kuma akwai wuri ɗaya da suka haɗu, wato tsawon sirdi. Ko ban ga kekenka ba, ina kyautata zaton idan ka tsaya kana zaune a kan sirdi, tafukan ƙafafunka biyu suna taka ƙasa daram. In haka ne, sirdin ya yi ƙasa da yawa. Yawancinmu haka muka koyi hawa tun muna yara, don mutum ya fi jin kwanciyar hankali idan ya san zai dire ƙafa duk lokacin da ya so. Amma ƙafar da ba ta miƙewa ba ta ba da ƙarfinta. Kamar a ce ka yi tafiyar kilomita taran nan a tsugune ne, safe da yamma. Cinya za ta ƙone, ƙoƙon gwiwa kuma shi zai sha matsi, shi ya sa ciwon yake ta gaba.

Ga yadda za ka gyara. Ka saka takalmin da kake hawa da shi, ka jingina da bango ko ka sa babban ɗanka ya riƙe maka kan keken, ka zauna a sirdi sosai. Ka juyo da feda ɗaya zuwa can ƙasa, ka ɗora diddigenka a kanta. A daidai tsawo, ƙafar za ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu don ka kai ba. Idan gwiwar na lanƙwashe, ɗaga sirdin. Da ka samu daidai, sai ka koma taka feda da gaban tafin ƙafa, wajen tushen babban yatsa, ba da tsakiya ko diddige ba, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan a ƙasa. Haka ake so. Tunda kai malami ne, ga lissafi ma in kana son tabbatarwa. Ka tsaya ba takalmi, bayanka a jikin bango, ka matse littafi mai kauri a matsematsinka, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin, ka ninka da 0.883. Wannan awo an fi danganta shi da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren kekuna na Tour de France sau uku. Idan awonka ya ba da santimita 80, to daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi ya kama santimita 70 da ɗoriya kaɗan. Wurin farawa ne kawai, jikinka ne zai yanke hukunci.

Kada ka ɗaga shi gaba ɗaya rana guda idan tazarar na da yawa. Ka riƙa ƙara santimita ɗaya, ka hau kwana biyu, ka sake ƙarawa. In ka ji ciwo ya koma bayan gwiwa, ko ƙugunka na rausaya dama da hagu, ka zarce, sai ka ɗan sauke. Sannan ka duba jikin sandar sirdin, akwai wani layi da aka zana kusa da ƙarshenta. Wannan layin dole ya kasance a ɓoye cikin bodi. Wanda ya zaro sanda ta wuce shi yana neman karyewar sanda ko tsagewar bodi, kuma a kan titi abin zai same shi. Game da tsayawa a danja, dabarar ita ce ka zamo gaba ka sauka daga sirdin ka dire ƙafa ɗaya. Kwana uku za ka saba.

Soson nan kuwa, Malam, ka kwance shi yau. Na san abin zai yi maka banbaraƙwai, don hankali na cewa abu mai laushi ya fi daɗin zama. A tafiyar minti biyar haka ne. A ta minti arba'in kuwa, ƙasusuwan nan biyu na mazaunai, waɗanda su Allah ya yi don ɗaukar nauyin zama, sai su nutse cikin soson, shi kuma ya kumburo tsakiya ya danne wurin da jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Ga zafi da gumi da yake tarawa, ga gogayya. Abin da ake nema a sirdi shi ne faɗinsa ya dace da ƙasusuwanka, ya kuma zauna a kwance. Ka aje keken a wuri mai daidai, ka ɗora ɗan katako ko littafi mai tauri a kan sirdin, ka ja da baya ka duba. Idan hancin ya ɗaga sama, shi ke danne maka gaba. Idan ya sunkuya, kullum zamewa kake yi, hannuwanka suna tokare ka, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe maka yatsu. Noti ɗaya ko biyu ne a ƙarƙashi, ka sassauta ka daidaita. Idan bayan mako biyu har yanzu zaman bai yi ba, ka sami guntun kwali ka ɗora a kan dakali, ka zauna da siririn wando ka ɗan sunkuya gaba, ka tashi. Za ka ga lotsawa biyu. Ka auna tsakaninsu, ka ƙara kamar santimita biyu, ka nemi sirdi mai wannan faɗin a wajen masu kayan keke na hannu. Kuma ka guji wando mai kaurin ɗinki a tsakiya. Abu ɗaya ne ba na so ka yi wa kawaici: idan kana jin gabanka na mutuwa a kan keke ko bayan ka sauka, wannan ba abin jurewa ba ne, alama ce sirdin na danne inda bai kamata ba, a gyara ko a sauya shi nan take.

Yatsun nan biyu da ka ambata sun faɗi abin da ke faruwa dalla-dalla. Akwai jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, ita ke kai ji ga shi da rabin maƙwabcinsa. Idan nauyin ƙirjinka ya tare a wannan gefen na tsawon lokaci, sai su mutu. Maganin shi ne a rage nauyin da ke kan hannu. Bayan daidaita sirdi, ka duba wuyan keken. Tsofaffin suna da noti guda a sama, idan an sassauta shi wuyan yakan ɗago, shi ma da layinsa da ba a wucewa. Na baya-bayan nan ba sa ɗagowa ta haka, sai dai a juya wuyan ya kalli sama, ko a sa gajere, ko a sauya kan da wanda ya ɗan tashi ya lanƙwaso baya. Ga mai zuwa aiki, kan keke ya yi daidai da tsawon sirdi ko ya ɗan fi shi. Ka lura fa, da ka ɗaga sirdi kan zai ƙara yi maka ƙasa, don haka gyaran biyu tare suke tafiya. Hannuwan birki kuma ka karkata su ƙasa yadda idan ka miƙa yatsu, tsintsiyar hannunka za ta zama a miƙe da damtse, ba a karye ba. Ka saki gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kada ka sandare ta, kada kuma ka damƙi kan kamar za a ƙwace maka. Ƙahonnin nan biyu da ake ɗaurawa a bakin kan keke ba ado ba ne, suna ba ka damar sauya riƙo a doguwar hanya.

Yanzu sai gajiyar kanta, kuma a nan taya ce babbar mai laifi. Yaushe rabon da a auna maka iska da geji? Matsa taya da babban yatsa yaudara ce, taya mai kauri tana iya yi maka tauri a hannu alhali rabin iskarta babu. Ka duba gefen tayar, an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, sau da yawa za ka ga wani abu kamar 40 zuwa 65 PSI, wato ma'aunin ƙarfin iskar da geji ke nunawa. Ga mutum matsakaici a kan kwalta, wajajen 50 wuri ne mai kyau na farawa, ta baya ta ɗan fi ta gaba don ita ke ɗauke da yawancin nauyi. Kada ka cika ta ta koma dutse, don a kan hanya mai gargada tsalle za ta riƙa yi da kai, kuma tsallen ma asarar ƙarfi ce. Yawancin irin waɗannan kekuna bawul ɗinsu iri ɗaya ne da na babur, saboda haka duk mai facin da ke da geji zai yi maka. Tub yana rage iska da kansa ko babu huji, don haka ka mayar da abin al'adar mako-mako, misali kowace Lahadi da yamma.

Idan akwai kuɗin da zan ce ka kashe a kan keken nan ban yi shakka ba, to na sauya taya ne. Ƙarar nan ta "wuuu" da kake ji a kan kwalta ƙarfinka ne ƙurajen ke cinyewa, kowanne yana lanƙwashewa yana miƙewa a duk juyi. Ka nemi taya mai sumul ɗin baya, ko mai sumul a tsakiya da 'yan ƙuraje a gefe idan layinku akwai yashi ko taɓo da damina. Ka karanta lambar da ke jikin tsohuwar kafin ka je kasuwa. Idan an rubuta 26 x 1.95 ko 26 x 2.1, to 26 x 1.75 ko 26 x 1.5 za ta hau rim ɗinka. Akwai wata ƙaramar lamba kusa da ita, 559, ita ce ainihin awon, ka tabbata sabuwar ma tana ɗauke da ita. Na faɗi haka ne don akwai taya mai 26 x 1 3/8 wadda ita ma "ashirin da shida" za a ce maka, amma lambarta 590 ce, ba za ta zauna ba, kuma mai shago ba lallai ya karɓa ba bayan an yi ta fama da ita. In kuɗin guda ɗaya ne a hannu, fara da ta baya. Ka tambaya ko tub ɗinka zai shiga siririyar, wani lokaci sai an sauya shi.

Kafin ka je kasuwar ma, ga gwajin minti biyar da ba ya cin ko sisi. Ka ɗaga gaban keken ka wulwula tayar da hannu. Ya kamata ta daɗe tana juyawa shiru. Idan ta yi juyi uku ta tsaya, ko kana jin "shaf, shaf" a wuri guda, to ko robar birki na gugar rim, ko wilin ya karkace yana bukatar a ja sifok, ko boris ya bushe ko an ɗaure shi da yawa. Ka yi wa ta baya haka. Mutane da yawa suna yawo da birki a ɗan kame wata da watanni suna zargin ƙafafunsu. Sai cen. A garinmu an saba zuba masa baƙin mai har yana ɗiga, ƙurar hunturu ta zo ta manne, su haɗu su zama wani baƙin kunu mai cin ƙarfe. Ka wanke shi da kananzir da tsohon buroshi, ya bushe, ka ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka goge na waje da tsumma sosai. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Ka kuma ɗora tef: daga tsakiyar fil ɗaya na jikin cen ɗin, idan ka ƙirga fil 24 gaba, sabon cen inci 12 ne cif. In ya zarce da abin da ya kai milimita ɗaya da rabi, lokacin sauyawa ya yi, kafin ya cinye haƙoran baya.

Shokozoba ba zan daɗe a kanta ba. Idan tana da maɓallin kullewa a sama, kulle ta a kan kwalta. Idan tana da na ƙara tauri, ƙara. Idan ta mutu tana ƙwaƙwas-ƙwaƙwas kawai, wata rana ka sa a sauya ta da fok mara sifirin, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, keken zai rage nauyi. Ba gaggawa.

Akwai kuma abin da ba a jikin keken yake ba, a ɗabi'ar hawa yake. Da yawan masu keke mai giya suna sa shi a mafi nauyi su bar shi a nan, wai don shi ne mai gudu, sai ka ga mutum yana turawa da ƙyar yana rangaji. Wannan shi ne babban abokin gaban gwiwa. Giya mai sauƙi da saurin juyi ta fi kai mutum nesa. Ana so ƙafa ta yi juyi 70 zuwa 90 a minti. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ke tasowa cikin daƙiƙa 15, idan bai kai 18 ba, sauko da giya. Da farko za ka ji kamar kana wasa da iska, kana haki fiye da da, amma cikin mako biyu numfashi zai daidaita, cinya kuma ta huta. Ka bar cen a farantin tsakiya na gaba, ka riƙa wasa da na baya. Ka sauko da giya tun kafin ka tsaya a danja, da kuma tun kafin ka fara hawa gada, kana juya feda a hankali lokacin sauyawar. Idan kuwa giyar ba ta shiga, wayarta ce ta yi tsatsa ko ta saki, kuma gyaran mai araha ne.

Wannan ya kawo ni kan mai gyaranka. Kada ka riƙe shi a zuci. A wurinsa keke mai lafiya shi ne wanda taya ke juyawa, birki ke kamawa, cen ba ya faɗuwa. Ko keken ya dace da tsawon ƙafarka, wannan tambaya ce da ba kasafai ake kawo masa ba, kuma ba shi ke hawa ba. Yana da rabin gaskiya ma, don tsamin mazaunai na sabon mahayi yakan tafi da kansa cikin mako biyu zuwa uku. Amma wata biyu sun wuce, kuma ciwon gwiwa da mutuwar yatsu ba a sabawa da su, ƙaruwa suke yi. In za ka koma wurinsa, kada ka ce "duba min keken nan". Ka ce a saita birki ya daina guga, a miƙe wili, a sa giris a boris, a sauya wayar giya, kana tsaye ana yi. Saitin sirdi da na kan keke kuwa naka ne. Ka sayi alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na kwance noti mai rami a ka, mai lamba 4 da 5 da 6, da ƙaramin famfo, su zauna a jakarka. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda kana sa alama da biro ko guntun salatif a inda yake a da, don in gyaran bai karɓe ka ba ka san inda za ka koma.

Ba ka faɗa ba, amma malami ba ya rasa jaka cike da littattafan ɗalibai. Idan a bayanka take, ita ce rabin gumin nan, kuma tana ƙara wa mazaunai da hannuwa nauyi. Ka sa kariya ka ɗaure ta a can. Kilomita tara a tafiyar natsuwa minti 35 zuwa 40 ne, ka fita da wuri yadda ba sai ka yi tsere da ƙararrawar makaranta ba, ka aje riga ɗaya da ɗan tawul a ofis. Kada ka fita da cikin wofi, kuma gorar ruwa ta zama cikin kayan keken. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, dawowar ƙarfe biyu na rana ita kaɗai ta isa ta kwantar da ƙato. Idan da hali ka tsaya ka yi makin ɗinka a makaranta, ka taso bayan la'asar. A makonnin gyaran nan kuma ka hau kwana uku, ka shiga adaidaita kwana biyu, gwiwar ta sami sararin warkewa. Kuɗin kwana biyun bai kai na asibiti ba. Hular kwano da fitila ja a baya kuma kada ka ɗauke su ƙawa, ka san yadda ake tuƙi a titunanmu.

Sai dai ban yarda in ɗora wa keke komai ba tare da na tambaye ka jikinka ba. Kana haki idan ka hau bene ɗaya? Kana jin jiri, ko nauyi a ƙirji, ko bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba? Gajiyar tana bin ka har ranar da ba ka hau ba? In ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, ka aje keken ka je asibiti a auna jininka da hawan jini da suga, don ƙarancin jini da makamantansa sukan fara bayyana ne a irin wannan aikin ƙarfi. Haka nan idan gwiwa ta kumbura, ko yatsun sun kwana biyu ba su farfaɗo ba, ko riƙon alli ya fara yi maka wuya. A shekarunka ma, ko lafiya lau kake ji, awon nan ba asara ba ne.

Abokin aikinka tausayi ne ya sa shi magana, yana ganin yadda kake shigowa. Amma ka tuna abin da ya fitar da kai daga adaidaita. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin fetur ne ya hau, kuɗin mota ya bi shi. Babur kuwa wannan fetur ɗin zai sha, ga juyen mai, ga gyara, ga biyan bashi duk wata daga albashin da ka riga ka ce bai isa ba. Ka zauna da biro ka haɗa waɗannan na wata guda, ka aje kusa da kuɗin taya biyu da kariya waɗanda sau ɗaya za ka biya. Ban ce babur haramun ne gare ka ba, wata rana iyali za su iya bukatarsa. Na ce kada ciwon gwiwar da alanki zai iya magancewa ya jefa ka bashin shekara.

Akwai yanayi ɗaya da zan ce ka rabu da keken nan, shi ne idan bodin ba awonka ba ne. Ka tsaya ka ratsa shi, ƙafafu biyu a ƙasa. Idan sandar sama tana taɓa ka, ko kuma kana miƙa hannu har kafaɗa na zafi kafin ka kai kan duk da an gajarta wuya, ya yi maka girma. Idan ka zaro sandar sirdi har layinta amma har yanzu gwiwa ba ta miƙewa, kuma gwiwoyinka na neman dukan kan, ya yi maka ƙanƙanta. Sanda mai tsawo takan rufe ƙaramar tazara, babba kuwa ba ta da magani. A nan ma musanya za ka nema, ba sayarwa a faɗi ba. Ka koma wurin wanda ya sayar maka da lalama, yawancinsu suna karɓar musanya da ɗan ciko, ka hau uku ko huɗu ka zagaya kafin ka zaɓa. Kuma kada ka raina irin na dattijon nan. Ba shi da giya, yana da nauyi, amma don irin hanyarka aka yi shi.

Na bar maganar uwargida a ƙarshe don ita ce ta fi nauyi a wasiƙarka, ko da yake layi biyu kawai ka ba ta. Kana fassara shirunta da cewa tana ƙirga kuɗinta. Ni kuma ina ganin ta fi kusa da matar da ke kallon mijinta yana shigowa yana ɗingishi, tana tunanin ita ta ba da kuɗin abin da ke wahalar da shi, tana jin nauyin tambaya don kada ka ɗauka gori ne. Kowannenku yana kare ɗan'uwansa da shiru, kuma shirun yana ci muku duka. Ka gaya mata yau bayan isha'i, a sauƙaƙe: keken yana ba ka wuya, ka gano dalilai, za ka gwada gyara na wata guda, idan bai yi ba za ka musanya shi da wani, kuɗinta suna nan a cikinsa. Ka ba ta tef ɗin ta auna maka tsawon ƙafar, ta tsaya daga baya ta gaya maka ko ƙugunka na rausaya, don wannan abu ne da mahayi ba ya gani da kansa. Idan za a sayi taya, ka yi shawara da ita kafin ka cire kuɗin, tunda da haƙƙinta a ciki.

Bayan wata guda ka sake rubuto min. Ka haɗo da tsawonka, da awon ƙafar, da lambar da ke jikin taya, da hoto ɗaya daga gefe kana zaune a kan keken feda tana ƙasa. Idan akwai sauran ciwo, ka faɗa min daidai wurin da yake da kuma a minti na nawa yake farawa. Allah ya ƙara lafiya, a gaida uwargida da yara.